Na Je Gana Binciken Mai Kiwon Murjani

Tun da na dawo daga Gana ban ɗaura inji ko ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya kawo injin ban ruwa gyara, kafin ya faɗi abin da ke damun injin sai ya ja benci ya zauna: "To Malam Isa, mi kag gani can?" 'Yan majalisarmu ta bayan la'asar kuwa sun fi kowa naci. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na zayyana tafiyar tun daga tushe, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, binciken aure na je. Luba ɗiyar wana marigayi ce. Ya rasu tana tatata, ni na riƙe ta a gidana na Gusau har ta yi karatun ungozoma ta fara aiki. Ko da ta fara aikin, ba ta taɓa wucewa asibiti ba sai ta biyo shago ta ajiye mini kunun safe. Wani yaro mai suna Nuhu ya ce yana son ta, ita ma ba ta ɓoye ba. Kakansa mutumin Tsafe ne, fataucin goro ya kai shi Gana bai dawo ba. Nuhu ya rako mahaifiyarsa Tsafe biki wurin dangi, can ya ga Luba. Danginsa na Tsafe sun zo neman aure, mun ce mun ji, a ba mu lokaci.

Ana cikin haka sai ga Garba, wani direba ɗan Bungudu mai kai albasa Ankara, Ankara ta Gana nake nufi, ba ta Turkiyya ba. Ya taɓa sauka gidan Nuhu, kuma ya zo har zaurena ya ce amana ce ta kawo shi.

"Malam Isa, yaron ga ba shi da sana'ar da anka sani," in ji shi. "Kifi yaka kiwo wanda ba a ci, da wasu duwatsu masu motsi. Ƙarƙashin akwatin kifin akwai kabad a rufe. Da magariba ta yi sai wani jan haske ya kama ciki. Na buɗe, wallahi laka ce da ciyawa da ƙwari suna yawo. Na kai hannu, yad daka mini tsawa kamar zai cinye ni. Ni dai na faɗa."

Gida ya ɗauka. Matata Hajiya Asabe ta ce ita ba za ta kai ɗiyarta gidan tsafi ba. Dangi suka ce sai waliyyi ya je ya gani da idonsa, ni ke nan. A nan zan faɗi abin da ban faɗa wa majalisa ba: da na ji labarin Garba, daɗi na ji. Ban so Luba ta yi nisa, ga kuma dalili ya zo mini har zaure.

Ita ta shirya mini jaka. Tana ninke rigunana ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baba, abin da ka gani shi za ka faɗa, ko?"

Na ce, "Kin taɓa jin na yi ƙarya?"

Ta ce a'a. Ta cusa mini kwalbar turare a aljihun jaka, wai kada in je wurin mutane ina warin baƙin mai.

Mun bar Gusau sai da rana ta ɗaga, kamar yadda kowa ke yi yanzu. Daga Tsafe zuwa Funtuwa babu mai hira a motar, kowa da carbinsa, har wata mata mai gicciye a wuya da ke kusa da ni leɓenta na motsi. Muna shiga Funtuwa sai motar ta ɓarke da surutu kamar an buɗe kasuwa. Matar ta juyo ta ce mini, "Baba, sannu da hanya," da Hausar Gusau tsantsa. Sunanta Madam Ngozi, tana sayar da kwanuka a kasuwarmu tun kafin a ba mu jiha, za ta Kwatano sayayya. Allah ne ya haɗa ni da ita, don daga Legas zuwa gaba ita ta zame mini ido.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, don ban gan ta ba. Ƙeyar mutane na gani, da jakata da na rungume a ƙirji.

A iyakar Seme aka fara raba ni da girmana. Wani jami'i ya nemi katin rigakafi, na miƙa masa katin asibitin da nake karɓar maganin hawan jini. Ya juya shi gaba da baya ya dube ni. Madam Ngozi ta fizge jakata, ta zaro katin rawaya daga inda Luba ta sa shi, ta ce, "Haba Baba, ɗiyarka ta yi maka komai, kai dubawa kawai ya gagare ka!" Daga nan aka koma kan ƙullin daddawar da Hajiya Asabe ta ba ni in kai wa mahaifiyar Nuhu, don ko tsafi ake zargi ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Jami'in ya kwance ƙullin ya kai hanci. Bai ƙara tambayata komai ba, da hannu ya yi mini alamar in wuce.

Kwatano garin babura ne, sun ninka namu, kuma mata ma tuƙawa suke da zani da jaka a kafaɗa, babu mai kallonsu sai ni. Man fetur a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi kamar man gyaɗa. A tasha muka rabu da Madam Ngozi. Ta riga ta ji labarina duka a hanya, don ni ba na iya riƙe magana a mota. Ta ce, "Baba, ka duba yaron da kyau. Amma ka duba kanka ma." Na ce mata ta je ta sayi kwanukanta.

A Lome na fara ganin teku. Titin yana bin gefensa, na leƙa ta taga ina neman ɗaya gaɓar ban samu ba. Ni da na ƙare rayuwata ina jawo ruwa daga gulbin Bungudu da tiyo, ina faɗa da manoma a kan wa zai fara sha, ga ruwa iya ganinka kuma ko tumatir ɗaya ba zai shayar ba. Na ce ikon Allah, na gyara zama.

Ka'idar bincike kowa ya san ta: ba ka faɗin abin da ya kawo ka. Ka sauka a matsayin baƙo, ka yi salla a masallacin unguwa, ka zauna wurin mai shayi, ka jefa sunan yaro kamar da wasa ka ji abin da za a ce. Haka na shirya. Da na isa Ankara na sauka a zango, unguwar Hausawa, a gidan wani dattijo mai saukar da fatake, na ce masa kayan inji na zo dubawa. Da safe na je wurin mai koko, na ce, "Ɗiyata, mi kika saidawa?"

Ta ajiye ludayi ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira: "Kawun Zamfara ya iso!"

Ashe tun ina Lome dangin Tsafe sun buga waya. Duk wanda na tambaya game da Nuhu, kafin in rufe baki ya fara: yaron kirki, ba ya wasa da salla, shi ya gyara famfon masallaci. Har wani wanzami da ban tambaya ba ya biyo ni da nasa yabon. Haushi ya kama ni, don shaidar da aka shirya maka ba shaida ba ce. Na koma masauki na zauna ina huci.

Abincinsu dai ban raina ba. Kokonsu ya fi namu yaji, kuma wai kokon Hausa suke ce masa, ni Bahaushe ina sha ina hawaye. Shinkafa da wake suke dafawa da karan dafi ta yi ja, abin da mu muka bar wa dukawa su rina fata. Akwai wani dokunu, ƙullun masara mai tsami a naɗe cikin ganye, ana ci da soyayyen kifi da baƙin yaji. Ranar farko na ture shi, kafin in taho ni ke aika a sayo. Gaisuwa kuma daga dama ake farawa a bi layi, ko da babban gida yana can ƙarshen hagu. Na tsallake mutane na nufi dattijo kamar yadda muka saba, sai na ga ana kallon juna.

Tunda ɓuya ta ƙare, na aika wa Nuhu cewa ina zuwa gidansa da hantsi. Na sa babbar riga, na juye kusan rabin turaren Luba a hannuwana da wuyana.

Mahaifiyarsa ta tarbe ni, tsohuwa mai fara'a. Da ta kwance daddawar sai ta ce rabon gidanta da wannan ƙamshi tun surukarta na da rai. Nuhu ya durƙusa ya gaishe ni, siriri ne, ba mai yawan magana ba. Ban ɓata lokaci ba na ce, "Yaro, nuna mini abin da kake kiwo."

Jama'a, abin da Garba ya faɗa game da akwatin nan bai kai rabi ba. Gilashi ne ya kusa tsawon gado, ruwan garau kamar babu ruwa. Kifaye rawaya da shuɗi da masu zane suna kai da kawo. A kan duwatsu ga wasu abubuwa kamar furanni, wasu kamar ƙahon barewa, wasu suna kaɗawa a hankali.

"Waɗannan su ne murjani, Baba," in ji Nuhu. "Dabbobi ne, suna ci suna girma. Danginsu ne ake yin tsakiyar da mata ke sawa."

Na tuna murjanin da ke cikin adakar Hajiya Asabe, wanda ta gada wurin kakarta. Shekara da shekaru ina ɗauka dutse ne.

Ya ce sana'arsa ke nan: yana haɗa wa otal-otal da masu hali irin wannan akwati, yana zagayawa yana kula da su. Ruwan ma ba daga teku yake ɗebowa ba, tataccen ruwa yake haɗawa da wani gishiri na musamman, ya auna. In ruwa ya ragu saboda zafi, ruwan daɗi ake ƙarawa, don gishiri ba ya bin tururi. Mafi yawan murjanin da ke gabana ba nasa ba ne. Na mutane ne da suka raunana a wurinsu, aka kawo masa jinya.

Na ce, "Na ji. Buɗe ƙasa."

Ya buɗe kabad. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne famfo da bututu, kuma ni in na ga famfo na ga ɗan'uwa. Na bi bututun da ido: ruwa yana malalowa daga babban akwati, ya sauko cikin wani ƙaramin akwati a ƙasa, ya ratsa shi a hankali, famfo ya sake tura shi sama. A gindin ƙaramin akwatin ga laka kwance, kaurinta ya kai faɗin yatsu uku. A samanta ga wani curin ciyawa kore a cukurkuɗe kamar soson wanke tukunya, yana juyawa. Ga fitilar da ta firgita Garba a maƙale a sama.

Nuhu ya tsuguna yana nuna mini. Kashin kifi da ragowar abinci suna narkewa a ruwa, in suka taru sai gansakuka ta rufe murjani ta kashe shi. Ciyawar nan ita ke shanye wannan datti ta girma da shi, in ta cika sai ya yage rabi ya zubar, datti ya fita ke nan. Lakar kuma daga ƙasan teku ake samo irinta, a busar a sayar. Tana sakin abin da murjani ke bukata kaɗan-kaɗan, kuma a cikinta ƙananan halittu ke zama. Ya ce in matso. Sai na ga wasu 'yan mitsi-mitsi farare suna tsalle a jikin gilashi, ba su kai ƙwayar gero ba.

"A sama kifi zai cinye su kafin su hayayyafa," in ji shi. "A nan babu mai taɓa su. Shi ya sa muke ce wa wurin mafaka. Waɗanda famfo ya ɗauka ya kai sama, su ne abincin kifi da murjani."

"Fitilar fa? Me ya sa ja, me ya sa sai da magariba?"

"Irin hasken da ciyawar ta fi so ke nan. In na kashe fitilar sama, sai in kunna ta ƙasa, don kada ruwan ya canza tsakanin dare da rana. Murjani ba ya son canji."

To, magana ta ƙare. Wannan ba tsafi ba ne, gandun reno ne kamar na masu dashen albasa, sai dai a cikin ruwan gishiri. Na ji dalilina yana zamewa daga hannuna, kuma ban ji daɗi ba. Sai na tuna ragowar maganar Garba, tsawar nan. Iyayenmu in za su ba da ɗiya sukan taɓa yaro da gangan su ga inda fushinsa yake. Na ce a raina, in ya daka mini tsawa na samu abin faɗa a gida. In kuma kunya ta sa ya yi shiru, na san irin mijin da zai zama.

Na naɗe hannun riga, na ce, "Bari in ji irin lakar," na kai hannu da niyyar in dama ta har ƙasa.

Caraf ya riƙe mini wuyan hannu.

Bai ɗaga murya ba, amma riƙon ba na wasa ba ne. Mahaifiyarsa da ke bakin ƙofa ta saki salati: "Nuhu! Surukinka?"

Idonsa na ƙasa, amma bai sake ni ba. Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Akwai turare a hannunka, guba ne a wurinsu. In kuma aka dama lakar nan, abin da ke kwance a ƙasanta zai tashi, famfo ya kai shi sama. Kafin la'asar za su fara mutuwa, kuma amanar mutane ce."

Na ce, "Ka san abin da ya kawo ni garin nan?"

"Na sani."

"Ka san in na koma na ce ka riƙe mini hannu, magana ta mutu?"

Ya ce, "Na sani, Baba. Amma ba zan bari ba."

Na janye hannuna, ya sake ni. Tsohuwa tana ta ba ni haƙuri har da hawaye. Shi kuwa ya fita, ya dawo da bokitin ruwa. Ya roƙe ni in wanke hannu har gwiwa ba sabulu, ya canza ruwa na sake wankewa, sai da ya sunsuna ya tabbatar. Sannan ya ce in sa hannu a hankali in kama ciyawar, ban da laka. Na kama. Tana da kaushi, ba santsi kamar gansakukar randa ba. Na yago guntu, 'yan halittun nan suna tsalle a tafina, ya ce in girgiza su su koma gida. Mun jima a tsugune gaban kabad ɗin, har na nuna masa wata mahaɗar bututu da ke yoyo, ya kawo zare na naɗe masa. Na tambaye shi tsawar da ya yi wa Garba. Ya ce daga ƙarƙashin mota Garba ya fito da baƙin mai har gwiwar hannu, shi kuma yana nesa, murya ce kawai za ta kai. Ya ce ya ba shi haƙuri daga baya, amma da alama bai huce ba.

Ban faɗa musu komai ba na yi sallama. Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo, ga ba Madam Ngozi. Daga Aflawo, bakin iyakar Gana, har Funtuwa lissafi ɗaya nake yi. Ina da magana ta gaskiya a bakina, wadda in na faɗe ta na yi shiru, Luba ta zauna a Gusau, kunu ya ci gaba da zuwa shago, kuma ba wanda zai ce na yi ƙarya.

Dangi suka taru a zaure, har Garba. Na san Luba na bayan ƙofa, don na ga inuwar ƙafarta. Na ba su labarin laka da ciyawa da fitila, na ce babu tsafi, famfo ne da bututu. Garba ya ce, "To tsawar fa?"

Na ce, "Ni bai yi mini tsawa ba. Hannu ya riƙe mini."

Zaure ya kaure. Wani ya ce rashin kunya, wani ya ce tun ba a ba shi ba ke nan. Hajiya Asabe daga ciki ta ce ai ta faɗa. Na bar su suka gama, inuwar ƙafar nan ba ta motsa ba. Sannan na ce, "Ya san zai iya rasa ta, kuma bai sake ni ba, saboda abin da aka ba shi riƙo. Na ba shi. A sa rana."

Washegari ta kawo kunu shago kamar kullum. Ta ajiye, ba ta tafi ba, tana wasa da bakin mayafi.

"Baba, da gaske ya riƙe maka hannu?"

"Ya riƙe, har da shaida," na nuna mata wuyan hannuna ko da yake babu komai a wurin.

"Ka yi haƙuri."

Na ce, "Haƙurin me? Ranar da wani ya kai hannu gare ki a can inda ba ni, haka nake so ya riƙe shi. Ko da ni ne."

Ta rufe fuska da mayafi ta fita da sauri, ta manta jakar aikinta a kan benci, sai da na bi ta da ita har bakin titi. Na dawo na zauna gaban kwanon. Bayan salla za a kai ta, kuma wallahi ban san yadda zan yi da safiyata ba. Kunun ya huce kafin in iya sha.